Ka Gyara Ƙasa Kafin Ka Taɓa Gajimare: Yadda Nake Daidaita Manhajar Kwaikwayon Yanayi

Duk ɗalibin da ya zo wurina da manhajar kwaikwayon yanayi wadda ta ƙi ba shi ruwan sama daidai, abin da yake fara nema shi ne mu sauya lissafin gajimare. Ni ma da haka na fara. Na shafe watanni ina cire wannan tsarin hadari ina saka wancan a cikin WRF, wata sananniyar manhajar kwaikwayon yanayi, ina so damina ta faɗi a arewacin Najeriya da kudancin Nijar a lokacin da take faɗuwa, abin ya ƙi. Ranar da na gano bakin zaren ba sama nake kallo ba. Taswirar danshin ƙasa na buɗe, sai na ga manhajar ta bar saman ƙasar yankinmu a jiƙe kusan mako guda bayan ruwan farko. Ni kuwa a jigawa na tashi. Idan aka yi ruwa da dare, mahaifina yakan tafi gona da asuba ya tona da hannunsa ya ga inda laima ta tsaya, sannan ya ce ruwan shuka ne ko a'a. Bayan kwana biyu saman ya koma rairayi mai ƙona ƙafa, laimar ta ɓuya can ƙasa. Manhajar da na ba wa amana ba ta san wannan ba.

Tun daga ranar na sauya tsarin aikina, kuma shi zan shimfiɗa maka a nan. Misalaina daga WRF ne da biyu daga cikin ɓangarorinta masu lissafin ƙasa, Noah da Noah-MP, don su na fi sani. Mai aiki da wasu manhajoji kamar RegCM ko JULES ko CLM zai gane inda kowace magana ta faɗa a wurinsa.

Abin da ƙasa ke yi wa sama

Manhaja tana yanka duniya gida-gida kamar gidajen dara. A kowane gida, duk bayan 'yan daƙiƙoƙi ko mintuna, sama tana miƙa wa ƙasa hasken rana da ruwa da iska, ƙasa kuma ta mayar da amsa. Aikinta rabo ne iri biyu. Akwai rabon zafi: cikin hasken da ya sauka, nawa za ta haske ta mayar sama, nawa zai shige cikinta, nawa zai ɗumama iskar da ke bisanta kai tsaye, nawa zai tafi wajen mayar da ruwa tururi. Akwai kuma rabon ruwa: nawa zai maƙale a ganye, nawa zai nutse, nawa zai kwarara ƙorama, nawa saiwa za ta zuƙo ta mayar sama. Tururi ne ya ɗaure rabon biyu wuri ɗaya, shi ya sa kuskure a ɗaya ba ya tsayawa a nan. Ka haddace wannan: milimita 1 na ruwa da ya ƙafe a rana ɗaya yana cin kimanin wat 28 a kowace murabba'in mita. Idan manhajarka ta ƙara milimita 2 a kan gaskiya, ta hana iska wat fiye da 50 da ya kamata su ɗumama ta, kuma wannan ya isa ya sauya lokaci da wurin da hadari zai haɗu.

A 1969 Syukuro Manabe, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2021, ya wakilci ƙasa da bokiti mai ɗaukar santimita 15 na ruwa: in ya cika ya zube, in ya ragu ƙafewa ta ragu. A 1975, ana cikin jimamin farin da ya ci Sahel, Jule Charney ya ɗaga yawan hasken da ƙasa ke mayarwa daga kashi 14 zuwa 35 cikin 100 a manhajarsa, sai ruwan damina ya ragu ƙwarai. Daga baya an gane cewa sauyin hasken bai kai haka a zahiri ba, kuma a 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa zafin tekuna ne ya jawo farin, ƙasa kuma ta ƙara masa ƙarfi. A 2004 gwajin GLACE, wanda ya haɗa manhajoji 12, ya sa Sahel cikin 'yan wuraren da danshin ƙasa ya fi tasiri a kan ruwan sama a duk duniya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A kurmin kudu ruwa ba ya yankewa, rana ce ke iyakance ƙafewa. A Sahara babu ruwan da zai ƙafe. Mu muna tsakani, inda ruwan jiya ne ke yanke hukuncin zafin yau. Ga shi kuma yawancin waɗannan manhajoji a gonakin Amurka da dazukan Turai aka rene su, aka daidaita lambobinsu.

Ka raba ƙasa da sama tukuna

Kada ka gwada gyaran ƙasa a cikin cikakkiyar manhaja. A can, in ka taɓa ƙasa gajimare ya sauya, hasken rana ya sauya, ruwa ya sauya, ba za ka san wane ne ya haifi wane ba. Ka ciro ɓangaren ƙasa shi kaɗai ka ciyar da shi da yanayin da aka auna. Ga Noah-MP akwai manhajar HRLDAS don wannan aiki, kuma in wuri ɗaya kake gwadawa, kwamfutar cinyarka ta isa ta gudanar da shekaru cikin ɗan lokaci.

Sa'armu ita ce an yi awo mai kyau a ƙasa irin tamu. A 1992 aikin HAPEX-Sahel ya auna zafi da tururi a gonar gero da saura da dajin da ke tsirowa jere-jere a kan tudun marmara, a yankin Yamai, tsakanin digiri 13 da 14 arewa, 2 da 3 gabas. A 2006 aka yi babban awon daminar Afirka ta Yamma mai suna AMMA, kuma tashoshin AMMA-CATCH sun ci gaba da aiki a Gurma ta Mali, da Wankama da Banizumbu a Nijar, da kwarin Weme a Benin. A Wankama akwai awo na gonar gero da na saura kusa da juna. Nan nake fara kowane gwaji, don rairayin wurin ɗan'uwan na jigawarmu ne.

Ka kula da abu biyu. Awon hasumiya, wato dogon ƙarfen da ake ɗora na'urorin auna zafi da tururi a kansa, ba ya cika cif: in ka tara zafin da ya fita, yakan gaza wanda ya shigo da kashi 10 zuwa 30 cikin 100. Don haka kada ka matse manhajarka sai ta yi daidai da lambar hasumiya. Ka fi mai da hankali ga rabon, wato kashi nawa na zafin ne ya tafi tururi, da yadda wannan kashi ke sauka kwana ɗaya, biyu, uku bayan ruwa. Wannan zanen saukar shi ne madubina. Abu na biyu, ka kafa wa manhajar ma'auni mai kunyatarwa. A 2015 gwajin PLUMBER ya nuna cewa lissafi mai sauƙi, wanda ke hasashen zafin da ke ɗumama iska daga hasken rana kawai, ya doke manyan manhajojin ƙasa. Ka yi irin wannan lissafi da bayananka. Gyaran da bai kai manhajarka ta wuce shi ba bai isa a kira shi gyara ba.

Sai ruwan da za ka ciyar da ita. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan Sahel yana zuwa ne daga manyan hadura masu tafiya daga gabas zuwa yamma, masu zubar da ruwa da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Ruwan ERA5 kuwa, wato kundin bayanan yanayin duniya na cibiyar hasashen yanayi ta Turai, yakan zo kamar yayyafi, kaɗan-kaɗan a kwanaki da yawa. Milimita 30 cikin rabin awa da milimita 30 a warwatse cikin yini ba abu ɗaya ba ne ga ƙasa: na farko yana kwarara yana nutsewa, na biyu yana jiƙa ganye da saman ƙasa ya ƙafe nan take. Abin da nake yi shi ne in ɗauki jimillar yini daga ma'aunin ruwa, ko daga ƙiyasin tauraron ɗan'adam na CHIRPS ko TAMSAT, in raba ta cikin sa'o'i bisa IMERG, shi ma na tauraro, mai bayar da awo duk rabin awa.

Taswira: me manhajar ta ɗauka ƙauyenku ne?

Nan ne riba ta fi yawa, wahala ta fi kaɗan, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Bayan ka gudanar da geogrid, manhajar da ke shirya wa WRF taswirorin ƙasa, ka buɗe fayil ɗin da ta fitar ka nemi gidan da garinku ya faɗa. Ka duba irin ƙasar da aka ba shi, irin tsiron, hasken da yake mayarwa, da koren kowane wata. Gani ya kori ji. In ka san wurin da ƙafarka, nan take za ka ga inda aka yi maka ƙarya.

Taswirar ƙasa da WRF ke zuwa da ita, a wajen Amurka, ta samo asali ne daga tsohuwar taswirar FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da aka zana a ma'aunin 1 cikin miliyan 5. A irin wannan zane, jigawa da dabaro da laka ta fadama duk suna iya narkewa su zama launi ɗaya. Manomi ya san bambancinsu ba ƙarami ba ne. Rairayi yana shan ruwa da sauri, ya sake shi ƙasa, samansa ya bushe ya zama murfi mai hana sauran ƙafewa. Laka tana riƙe ruwa a sama ta yi ta tururi kwanaki. Ka maye gurbin taswirar da SoilGrids mai gida mita 250, ko iSDAsoil mai mita 30 da aka yi don Afirka, ka juya kason rairayi da yumɓu zuwa rukunoni 16 na WRF. In kana da Noah-MP, zaɓin opt_soil yana ba ka damar sauya irin ƙasa daga hawa zuwa hawa na zurfinta, don sau da yawa yumɓu yana ƙaruwa in aka nutsa. Su ma waɗannan sababbin taswirori hasashe ne daga samfuran ƙasa 'yan kaɗan, don haka inda ka tona ka gani da idonka, ka fifita idonka.

Taswirar tsiro ta USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, mai rukuni 24 daga hotunan 1992 zuwa 1993 aka yi ta. Ka tuna yadda gefen Kano ko Maraɗi yake a wancan lokaci, ka dubi yau. Ka koma ta MODIS, na'urar ɗaukar hoto ta tauraron ɗan'adam, ko ta ESA, hukumar sararin samaniya ta Turai, mai mita 300, ko WorldCover mai mita 10 in yankinka ƙarami ne. Amma ko sabuwar taswira tana da makanta guda da ta fi damuna: ba ta san gona mai itatuwa ba. A wurinta wuri ko gona ne ko daji. Mu kuwa gonarmu gero ne a ƙarƙashin gawo da kuka da ɗorawa, da sabara da kalgo a tsakani. A yankunan Maraɗi da Damagaram manoma sun raya itatuwa daga kututture a fili da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5, kuma a idon taswira wurin gona ce kawai.

Kore ma haka. Abin da WRF ke ɗauka shi ne matsakaicin shekaru, wata-wata, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Shekarar da damina ta makara har ƙarshen Yuni, manhajar za ta riga ta shimfiɗa ganye tana shan ruwan da bai sauka ba. Ka saka yawan ganye na ainihin shekarar daga MODIS, wanda ke fitowa duk kwana 8 a mita 500, ka kunna rdlai2d da usemonalb a Noah don ta karanta taswirar maimakon teburin lambobin da take zuwa da shi. Hasken da ƙasa ke mayarwa ma daga MODIS za ka ɗauko shi. Da tsakar rana a bazara hasken da ke sauka yakan kusanci wat 1,000, don haka kuskuren kashi 5 cikin 100 kawai ya kai wat 50. Akwai zaɓin barin Noah-MP ta tsirar da ganyenta da kanta. Ban ba ka shawarar fara da shi ba. Sai ka ga ta iya rabon ruwa da ganyen gaskiya, sannan ka ba ta wannan amana.

Ka bar ƙasar ta tsimu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuskuren da na fi gani a aikin ɗalibai shi ne a kwaso danshin ERA5 a zuba wa Noah a tayar da manhaja ranar 1 ga Yuni. Hawa-hawan ma ba ɗaya ba ne: na ERA5 suna ƙarewa a santimita 7, 28, 100 da 289, na Noah a 10, 40, 100 da 200. Sannan kowace manhaja da ma'auninta. Lambar da ke nufin busasshiyar laka a can tana iya nufin rairayi jiƙe sharkaf a nan. Sai manhajar ta yi makonni tana fitar da tururin ruwan da ba a taɓa yi ba, daidai lokacin da kake son ganin faɗuwar damina.

Ka gudanar da ɓangaren ƙasa shi kaɗai na shekaru kafin ranar farawa, da taswirori da teburan da za ka yi amfani da su. Kana iya maimaita shekara ɗaya sau da yawa har hawa na ƙarshe ya daina sauyawa daga zagaye zuwa zagaye. A busasshen wuri wannan hawa yana da nawa, ka yi haƙuri da shi. In dole ce ta sa ka ɗauko danshi daga wata manhaja, ka juya shi zuwa kashi tsakanin inda tsiro ke yaushi da inda ƙasa ta ƙoshi, sannan ka mayar da shi ma'aunin taka.

Hanyar ruwa: ɓawo, saiwa da gawo

Ga wani abin mamaki da duk mai wannan aiki ya kamata ya zauna ya yi tunani a kansa. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 ruwan sama ya ragu, amma kogunan Sahel irin su Sirba da Dargol ruwansu ƙaruwa ya yi. A yankin Yamai ruwan rijiya ya taso da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007. Abin da ya faru shi ne an sare daji, ɗigon ruwa ya daki ƙasa tsirara ya yi mata ɓawo siriri, wuri ya zama faƙo. Ruwa ya kasa shiga inda ya sauka, ya gangara ƙorama, ya taru a tafkuna, daga gindin tafkin ya nutse har ya kai ruwan ƙasa. Ɓawon da kaurinsa bai wuce 'yan milimita ba ya sauya tafiyar ruwan yanki guda.

Manhajar da ta ga rairayi za ta ce duk ruwan ya nutse a inda ya faɗi. A jigawar da ake nomawa hakan ya kusa gaskiya, don fartanya tana fasa ɓawon a noman firi da maimai. A saura da faƙo da tudun marmara ƙarya ce. A Noah, lambar REFKDT da ke cikin GENPARM.TBL, wadda ke zuwa a 3.0, ita ke riƙe da wannan ƙofa: ka rage ta, kwarara ta ƙaru. A Noah-MP kana iya rage saurin shan ruwa na hawa na farko a gidajen da ka san faƙo ne, ka kuma gwada zaɓuɓɓukan opt_run ɗaya bayan ɗaya. Kada ka rage wa duk yankin da lamba ɗaya, don za ka shanya gonakin da ba su yi laifi ba.

Ƙafewar ƙasa tsirara ita ce matsalar da na buɗe da ita. Hawa na farko na Noah santimita 10 ne, alhali abin da ke bushewa ya zama murfi bai wuce santimita 1 ko 2 ba. Manhajar tana ganin matsakaicin danshin santimita 10 ɗin, sai ta ci gaba da fitar da tururi. A Noah-MP zaɓin opt_rsf ne ke sarrafa wannan turjiya. Ka gwada kowanne a kan zanen saukar nan na kwana uku. Tauraron SMAP, da aka harba a 2015, yana jin danshin kimanin santimita 5 na sama, kuma yana da amfani wajen duba saurin bushewa a fili mai faɗi. Ka kwatanta siffar saukar, ba tsabar lambar ba.

Sai saiwa. A teburin Noah ciyawa da gona da ƙananan itatuwa saiwarsu a mita 1 take tsayawa, ƙasar kuma gaba ɗaya a mita 2. Ga gero wannan bai yi nisa da gaskiya ba. Amma sabara tana riƙe ganye har cikin rani da ruwan da ta zuƙo daga zurfi. Gawo kuwa ya juya wa kowa lissafi: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, saiwarsa tana bin ruwa har inda rijiya ke samunsa. Duk yaron ƙauye ya san inuwar gawo ta rani ce. Manhajar da ta ɗaure kore da ruwan sama ba za ta taɓa haifar da irin wannan itace ba, don haka a watan Maris takan ba da tururi sifili a inda hasumiya ke auna kaɗan. Kaɗan ɗin yana da tasiri a kan zafin bazara. Abin da nake yi shi ne in ƙirƙiri sabon rukuni a tebur, in ba shi saiwa har hawa na ƙarshe da kore na rani gwargwadon abin da tauraro ya gani. Akwai hasumiya a gonakin gawo kusa da Niakhar a Senegal, can ne wurin gwada wannan.

Kada ka manta gero da dawa da yawancin ciyayinmu 'yan rukunin C4 ne, masu tsimin ruwa da jure zafi. Ka duba layin C3PSN a teburin Noah-MP. In ka tarar da 1 a gaban gona da ciyawa, manhajar tana shayar da geronka kamar alkama. In za ka sauya, ka sauya shi tare da sauran lambobin numfashin ganye, kada ka taɓa shi shi kaɗai. Tsarin amfanin gona na Noah-MP kuwa masara da waken suya aka gina shi a kansu, da kalandar shukar Amurka.

Zafin fatar ƙasa

Da azahar a watan Afrilu rairayi yakan haura digiri 55 alhali iska tana wajen 42. Manhajoji da yawa suna sanyaya wannan fata, don suna barin zafi ya tsere wa ƙasa da sauƙi fiye da kima. A Noah ka gwada iz0tlnd a 1, wanda ke ɗaure wannan sauƙi da tsayin tsiro. Alƙalinka shi ne tauraron Meteosat, mai ba da zafin fatar ƙasa duk minti 15 in babu gajimare. Ka guji kwanakin hazo mai kauri wajen kwatantawa.

Jiƙaƙƙe kusa da busasshe

Tsofaffi sukan ce hadari yana da hanya. Christopher Taylor da abokan aikinsa sun bi dubban hadura ta tauraron ɗan'adam, suka nuna a 2011 cewa a Sahel hadari ya fi son tashi a inda jiƙaƙƙiyar ƙasa ta yi iyaka da busasshiya, a faɗin kilomita 10 zuwa 40, kuma kusan hadari 1 cikin 8 ta haka yake farawa. Iska mai sanyi tana kwararowa daga inda aka yi ruwa jiya zuwa inda ya yi zafi, ta ci karo da iskar da ke tafe, ta tashi sama a gefen busasshen. A 2012 suka duba duniya baki ɗaya suka ga ruwan la'asar ya fi faɗa wa wurin da ya fi maƙwabtansa bushewa, alhali manhajoji 6 da suka gwada akasin haka suke yi, suna maimaita ruwa inda ya riga ya jiƙe. Manhaja mai wannan hali tana tsawaita fari da kanta.

Don haka duk wani jiƙaƙƙen wuri na dindindin ka tabbata yana cikin taswirarka. Dausayin Haɗeja da Nguru yana cika da marka ya riƙe ruwa har cikin rani, kuma girmansa ya sauya bayan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992. Noman rani na Kadawa kore ne a tsakiyar busasshiyar ƙasa, kuma sababbin fitowar WRF suna da zaɓin ban-ruwa. Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya faɗo ƙasa da 2,000 a shekarun 1980, yanzu babban ɓangarensa dausayi ne mai ciyawa. Ka zana shi yadda yake a shekarar da kake kwaikwayo. Ka kuma duba zafin ruwan da aka ba shi, don in ba ka yi amfani da ƙaramar manhajar avg_tsfc ba WRF tana iya ɗauko masa zafin teku mafi kusa. Inda gida ɗaya ya ƙunshi fadama da tudu, ka kunna sf_surface_mosaic a Noah don kada mafi rinjaye ya haɗiye sauran.

A nan ne gajimare ke dawowa. Wancan juyayyen hali na manhajoji galibi daga lissafin hadari yake, wanda ke zubar da ruwa da tsakar rana maimakon la'asar da dare. In kana da ƙarfin kwamfuta, ka rage gida zuwa kusan kilomita 4 ko ƙasa da haka ka kashe wannan lissafi, manhajar ta gina hadarinta da kanta. Haka aka yi a CP4-Africa na ofishin yanayin Birtaniya, mai kilomita 4.5, kuma lokacin ruwa da ƙarfinsa sun fi kusa da gaskiya. Amma ƙaramin gida yana ƙara tona asirin mummunar taswira, shi ya sa na ajiye wannan mataki a baya.

In ka mayar da su tare

Gyara ɗaya a lokaci ɗaya, ka rubuta kowanne a littafi da kwanan wata. Gudu ɗaya, wato gudanar da manhaja sau ɗaya, ba hujja ba ne, don ko ranar farawa ka matsar da yini guda hadura za su sauya wuri. Ka yi gudu 5 zuwa 10 ga tsohon tsari da sabo, ka ga ko bambancinsu ya fi bambancin da ke tsakanin 'yan gida ɗaya. Ka haɗa shekarar ƙarancin ruwa da ta yalwa, kamar 2011 da 2012. Ka fara duba zafi da laimar iska na mita 2 awa-awa, sannan tsayin iskar da ke tafasa da rana, ruwan sama daga ƙarshe.

Zai iya faruwa ka gyara ƙasa ruwan ya ƙara lalacewa. Ya faru da ni, kuma zuciyata ta so in mayar da tsohon tebur. Kada ka mayar. Ma'anarsa ita ce wani kuskure a sama yana jingine da wanda ka cire a ƙasa, yanzu ya fito fili, kuma ka san inda za ka nufa.

Yawancin hasumiyoyin da muke dogaro da su suna yammacin Nijar da Mali da Benin da Burkina Faso da Ghana da Senegal. In jami'arku ko cibiyarku tana da gona, ka nemi kusurwa biyu, ɗaya a jigawa ɗaya a laka. Ka binne na'urar auna danshi a santimita 5, 30 da 100, ka kafa ma'aunin ruwa mai rubuta lokaci a fili nesa da itace, ka sa su ɗauki awo duk minti 15. Ka kewaye wurin saboda awaki, ka rufe wayoyin cikin bututu saboda gara da ɓeraye. Ka ɗebi ƙasar kowane zurfi a kai ɗakin gwaji a faɗa maka kason rairayi da yumɓu. Duk mako ka ɗauki hoton wurin daga tsayuwa ɗaya, ka rubuta ranar shuka, ranar noma, ranar girbi, da ranar da aka kwashe kara.